Ana gwada allurar mura ta mRNA a jikin mutane: wai mura ma sai da allura?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An turo mini wani labari cewa a Amurka ana gwada sabuwar allurar rigakafin mura a jikin mutane, da irin fasahar da aka yi allurar korona, wato mRNA. Wai an ce "matakin farko" ake ciki, kuma sakamako ya yi kyau. Tambayata biyu ce. Mura dai da muka sani, wadda ake shan citta da lemon tsami ta wuce, ita ce ake kashe wa wannan uban kuɗi? Sannan in aka ce matakin farko ya yi kyau, ana nufin allurar tana aiki ke nan? Masu ilimin abin a taimaka.

Sarkin_Zolaya:
Wa alaikumus salam. Turawa sun gama da korona, yanzu sun dawo kan majina. Allah ya kyauta.

Nas_Hauwa:
Abban Khadija, ba murar da kake nufi ba ce. Ita waccan ta toshewar hanci da atishawa, ƙwayoyin cuta daban-daban ne ke kawo ta, kuma ba ita ake yi wa allura ba. Wadda ake magana a kai ita ce infuluwenza: zazzaɓi mai zafi da ke faɗo wa mutum lokaci guda, ciwon jiki kamar an yi masa duka, tari, wani lokaci ta sauka a huhu ta zama nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1 ke kamuwa da ita duk shekara, miliyan 3 zuwa 5 ta kwantar da su sosai, kuma tsakanin 290,000 zuwa 650,000 ke rasuwa. Tsofaffi, ƙananan yara, masu juna biyu da masu ciwon suga ko asma su ta fi bugawa.

A wurin aikinmu, mutum ya zo da zazzaɓi a lokacin hunturu, maleriya ko taifot ake fara cewa. Ba a cika gwada infuluwenza ba, shi ya sa muke ganin kamar babu ita a nan.

Malam_Tanko_Zariya:
Hajiya Hauwa ta faɗi gaskiya. Yaran yanzu ba su san Marisuwa ba. Annobar 1918 ke nan, wadda ta kashe mutum kusan miliyan 50 a duniya, kuma ta iso har ƙasar Hausa. Kakanninmu da ita suke lissafin shekaru, a ce an haifi wane shekarar Marisuwa. Ita ma infuluwenza ce. Don haka Sarkin Zolaya, a sassauta dariya.

Sarkin_Zolaya:
Allah ya huci zuciyar Malam. Na yi shiru, amma kunnena yana nan.

Dr_Bashir_K:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu, don nan ne jaridu ke rikita mutane. A'a, kyan matakin farko ba ya nufin allura tana kare mutum.

A matakin farko mutane kaɗan ake ɗauka, gommai ko 'yan ɗaruruwa, yawanci masu ƙoshin lafiya. Abin da ake nema a sani biyu ne: shin jiki yana jure ta, kuma wane adadi ya dace a ba mutum? Sai a ɗebi jini a duba ko garkuwar jiki ta motsa. Ba a jira a ga wa ya kamu da mura wa bai kamu ba, don mutanen ba su kai yawan da za a iya gane haka ba.

Misali: a watan Mayu na 2023 cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta gwamnatin Amurka ta sanar da fara gwajin wata allurar mura ta mRNA a Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa. Mutum 50 kacal aka tsara ɗauka, 'yan shekara 18 zuwa 49. Aka kasa su rukuni-rukuni na mutum goma, waɗannan a ba su maikirogiram 10, waɗannan 25, waɗannan 50, wani rukuni kuma a yi masa allurar mura da aka saba don a kwatanta. Sai a bi su har shekara guda. To da mutum 50 me za ka iya cewa game da kariya? Ba komai. Abin da za ka iya cewa shi ne adadi kaza ya fi sa zazzaɓi, adadi kaza ya fi tayar da garkuwa.

Mataki na biyu ɗaruruwa ne. Na uku dubbai ne ko dubun-dubata, kuma a nan ne ake ƙirga marasa lafiya na gaske.

Abban_Khadija:
Allah ya ƙara sani, likita. To amma in akwai allurar mura da aka saba, kamar yadda ka ambata, me ya kawo neman sabuwa?

Dr_Bashir_K:
Saboda tsohuwar tana aiki amma ba ta cika gamsarwa ba. A shekara mai kyau tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A sanyin 2014 zuwa 2015 a Amurka kashi 19 kawai ta yi.

Dalili shi ne ƙwayar tana sauya kama kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana zama a watan Fabrairu ta zaɓi nau'o'in da za a yi wa allura don sanyin ƙasashen arewacin duniya, sannan ta sake zama a Satumba don na kudanci. Me ya sa tun Fabrairu? Saboda yawancin allurar a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayar, kuma aikin yana cin kusan wata shida. Kafin allura ta iso kasuwa, ƙwayar da ke yawo ta iya canzawa. Ga kuma wata matsalar: ƙwayar da aka saka a ƙwai takan sauya kanta don ta saba da ƙwan, musamman nau'in H3N2, sai a wayi gari abin da aka yi allura da shi ya ɗan bambanta da wanda ke kama mutane.

Da mRNA ba a renon ƙwaya. Da zarar an san tsarin halittarta, sai a rubuta saƙon. Fatan shi ne a jinkirta zaɓen nau'i zuwa kusa da lokacin sanyi, a fi dacewa da abin da ke yawo.

Maijidda_Kaji:
Tsaya likita, ƙwai dai irin na kajina? Ashe muna zaune a kan arziki ba mu sani ba.

Likitan_Dabbobi_Jos:
Hajiya Maijidda, ba irin na kiret ɗin kasuwa ba. Ƙwai ne mai ɗan tsako a ciki, daga gonaki na musamman da ake tsare su daga cututtuka. Kuma nan ne abin ya shafi sana'arki kai tsaye. Ranar da murar tsuntsaye ta koma annoba a tsakanin mutane, kajin da za su yi ƙwan allurar su ne farkon waɗanda cutar za ta kashe. Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa ake neman hanyar da ba ta dogara da ƙwai ba.

Kuma ba labarin nesa ba ne. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'in murar tsuntsaye mai suna H5N1 a kaji a nahiyar Afirka, a jihar Kaduna. A farkon 2007 wata matashiya ta rasu da ita a Legas. A Amurka kuwa a Maris na 2024 aka gano ta a shanun madara a Texas, abin da ba a zata ba.

Dan_Damagaram:
Mu ma a Nijar ta shigo a 2006 ɗin, a Magariya. Ina tuna yadda aka hana fataucin kaji, masu kiwo suka sha wuya sosai.

Maijidda_Kaji:
Ni kam ta taɓa shiga gonata, ban so in tuna ba. Da safe ka tarar da su a zube, tukkunsu ya yi baƙi. Ma'aikata suka zo da fararen kaya suka kashe sauran aka binne. Yaran da ke mini aiki babu wanda aka yi wa wata allura, sai dai aka ce a kula ko wani zai yi zazzaɓi. In akwai rigakafi na mutane, ai irinsu ya kamata a fara yi wa.

Ummu_Sudais:
Don Allah kafin a yi nisa, wani ya fayyace mini mRNA ɗin nan da Hausa. Tun lokacin korona ake cewa tana canza halittar mutum, har yau ban ji amsar da ta kwanta mini ba.

Dalibin_Kimiyya:
Anti, ga yadda nake fahimtarsa. Tsohuwar allura kamar a kawo miki riga ɗinkakkiya ce: an reni ƙwayar, an kashe ta, an ciro furotin ɗin da ke bayanta an zuba miki, garkuwar jikinki ta gan shi ta haddace kamanninsa. Ita mRNA takardar awo ce ake kai wa tela. Ana naɗe saƙon a cikin ɗan ƙunshin kitse, ya shiga ƙwayoyin jikinki, su karanta su ƙera furotin ɗin da kansu, garkuwa ta gan shi ta shirya. Furotin ɗin sunansa hemagulutinin, shi ne H ɗin da ke cikin H1N1 da H3N2, da shi ƙwayar ke maƙale wa hanyar numfashi.

Saƙon ba ya shiga cibiyar ƙwayar jiki inda DNA take, kuma cikin kwanaki jiki ke narkar da shi. Jikinki ma yana ƙera nasa mRNA kowane lokaci, da shi yake yin duk furotin ɗinsa. Katalin Kariko da Drew Weissman, waɗanda suka gano yadda za a gyara saƙon don kada jiki ya yi masa mummunan martani, su suka samu kyautar Nobel ta 2023.

Gaskiya_Daci:
Kun iya bayani wallahi. Amma ni Bakano ne, kuma cikin kamfanonin da ke wannan gwaji har da Pfizer. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, suka gwada maganin Trovan a kan yara 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To a ce mini in saki jiki da kalmar "gwaji"?

Dr_Bashir_K:
Malam Gaskiya, babu mai hankalin da zai ce ka manta da wannan. Don cikar bayani: cikin yaran 11, biyar suna rukunin Trovan, shida suna rukunin maganin da aka kwatanta da shi, kuma kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe su. Amma batun neman yardar iyaye da takardar izinin gwajin, nan ne abin ya yi muni, kuma ɓarnar ba ta tsaya nan ba, don ta taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003.

Sai dai ka lura da inda ake waɗannan gwaje-gwajen na mura. Kamfanonin Sanofi da Translate Bio sun fara nasu a Yunin 2021, Moderna a Yuli, Pfizer a Satumba a kan 'yan shekara 65 zuwa 85, duk a Amurka, a kan manya da suka sa hannu da kansu. Ba a kan yaranmu aka fara ba.

Gaskiya_Daci:
Na ji. Amma gobe in sun zo nan fa?

Barista_Zainab:
In sun zo, sai sun bi ta NAFDAC da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, kuma dole a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, yana da ikon ficewa duk lokacin da ya so. Ko ana bin dokar sau da ƙafa, wannan wata magana ce. Ni abin da ya fi damuna akasin naka ne, Malam. In ba a gwada a kan mutanenmu ba sam, za a kawo mana allurar da aka auna a jikin wanda bai taɓa yin maleriya ba, ba ya da sikila, a ce mu karɓa.

Gaskiya_Daci:
Barista, ke nan ko an gwada a kanmu ko ba a gwada ba, mu ne a ƙasa.

Dalibin_Kimiyya:
Ina so in koma kan tambayar Abban Khadija, don labarin Moderna ya amsa ta sarai. Allurarsu mai suna mRNA-1010 ta yi kyau a matakin farko a ƙarshen 2021. Aka shiga mataki na uku a 2022 da mutum kusan 6,000 a ƙasashe irin su Ajantina da Ostareliya. Da sakamako ya fito a Fabrairun 2023, cikin manyan nau'o'in infuluwenza biyu, A da B, a kan nau'in A ta yi daidai da tsohuwar allura ko ta fi ta wajen tayar da garkuwa, amma a kan nau'in B ta kasa kamo ta. Sai da suka koma suka gyara haɗin. A Yunin 2025 ne suka sanar da sakamakon babban gwaji, mutum sama da 40,000 'yan shekara 50 zuwa sama a ƙasashe 11, inda ta fi tsohuwar da kashi 26.6. Kusan shekara uku da rabi ke nan tsakanin "matakin farko ya yi kyau" da wannan.

Abban_Khadija:
Kashi 26 kawai? Ai tsohuwar da likita ya ce tana yin 40 zuwa 60 ta fi ta ke nan.

Nas_Hauwa:
A'a Abban Khadija, ba haka ake karanta shi ba. Ba da wanda ba a yi wa allura ba aka kwatanta, da wanda aka yi wa tsohuwar aka kwatanta. Wato in mutum 100 sun kamu a rukunin tsohuwar allura, kusan 73 ne suka kamu a rukunin sabuwar. Ƙari ne a kan abin da tsohuwar ke yi.

Amma a faɗi ɗaya ɓangaren. Waɗanda aka yi wa ta mRNA sun fi kukan ciwon hannu, kasala, ciwon kai da zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. A lokacin korona mutane sun jure don tsoro. Allurar da za a ce ka dawo ka yi duk shekara kuwa, in ta kwantar da kai sau ɗaya, baɗi ba za a gan ka ba. Na ga haka da idona a allura ta biyu ta korona.

Ummu_Sudais:
Batun kumburin zuciya fa da aka yi ta faɗa?

Dr_Bashir_K:
Gaskiya ne, an tabbatar da shi a allurar korona ta mRNA. Ba kasafai yake faruwa ba, ya fi yawa a samari bayan allura ta biyu, kuma yawancinsu sun warke. Amma ki lura, ba a gano shi a ƙananan gwaje-gwaje ba, sai da aka yi wa miliyoyi. Abin da ke faruwa ga mutum ɗaya cikin dubun-dubata ba zai bayyana a cikin mutum 50 ba. Shi ya sa ko an ba allura lasisi ake ci gaba da sa ido.

Injiniya_Sola:
Ni matsalata firji. Ta korona ta Pfizer da farko sai a sanyin 70 ƙasa da sifili ake ajiye ta, ta Moderna 20 ƙasa da sifili. Asibitin ƙauyen da ko fanka ba ta juyawa, ina zai kai wannan? A Disambar 2021 Najeriya ta lalata allurar korona sama da miliyan 1 da wa'adinta ya ƙare.

Nas_Hauwa:
Injiniya, waɗancan na AstraZeneca ne, ba mRNA ba, kuma an kawo su ne wa'adinsu saura kaɗan. Ba firji ne ya jawo ba. Amma batun sanyin da ka kawo yana nan daram.

Alhaji_Mai_Goro:
Ni dai da za mu tafi aikin Hajji an ce mana Saudiyya tana ba da shawarar a yi allurar mura, ban da ta sanƙarau da ke dole. Ban yi ba, na dawo da tarin da ya kusa wata bai sake ni ba. To wannan sabuwar, in an yi sau ɗaya shi ke nan har abada?

Dalibin_Kimiyya:
Ranka ya daɗe, iri biyu ake nema. Ta Moderna da ta Pfizer na shekara-shekara ne, kamar tsohuwar. Wadda Dr Bashir ya ambata ta Jami'ar Duke ita ce ake fatan ta daɗe. Furotin ɗin yana da kai yana da kara. Kan ne ke yawan sauyawa, karan kusan iri ɗaya ne a nau'o'i da yawa, to shi suke so garkuwa ta haddace. Akwai kuma ta Jami'ar Pennsylvania, ta ƙungiyar Scott Hensley, da suka cusa saƙon nau'o'i 20 a allura ɗaya. A 2022 suka wallafa sakamakonta, amma a kan ɓeraye ne da wata dabba mai kama da tunku. Daga ɓera zuwa hannun Alhaji akwai tafiya.

Likitan_Dabbobi_Jos:
Kuma tafiyar ta ƙara tsawo. A Mayun 2025 gwamnatin Amurka ta soke kwangilar da ta ba Moderna ta allurar murar tsuntsaye, ta sama da dala miliyan 700, alhali kamfanin ya ce matakan farko sun yi kyau. A Agusta ministan lafiyarsu Robert Kennedy ƙarami ya dakatar da ayyukan mRNA 22 na kusan dala miliyan 500.

Gaskiya_Daci:
Yawwa! Su da kansu sun ja baya. Sai mu?

Barista_Zainab:
Malam, shi wannan ministan ya daɗe yana adawa da alluran rigakafi tun kafin ya hau kujera, kuma masana da yawa a ƙasarsa sun yi tir da matakin. Ka kafa hujja da bayanan gwaji, kada ka kafa da wanda ke kan mulki, don gobe wani zai hau ya juya.

Dan_Damagaram:
Duk wannan muhawara, mu a nan ko tsohuwar allurar ba a yi wa jama'a. Anya ba cinikin kifi a ruwa muke ba?

Nas_Hauwa:
A Najeriya ma ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke bayarwa kyauta, sai dai a wasu asibitocin kuɗi. Abin da ya shafe mu shi ne, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen Afirka shida da za a koya wa fasahar mRNA daga cibiyar da ke Kef Tawun, tare da Masar, Kenya, Sanigal, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Kamfanin BioNTech mai yin allurar mRNA kuma ya buɗe masana'anta a Kigali a ƙarshen 2023. Injin da zai buga saƙon mura shi ne zai buga na wata cutar.

Injiniya_Sola:
Sa suna a jeri daban, ganin kwalba ta fito daga masana'anta daban, Hajiya.

Abban_Khadija:
Na ƙaru ƙwarai. Amma likita, ka ba ni a taƙaice: mahaifiyata ta haura 70, tana da ciwon suga. In jira sabuwar ko in nema mata tsohuwar?

Dr_Bashir_K:
Kada ka jira komai. Ka kai ta wurin likitan da ke duba sugarta, ka tambaye shi batun allurar mura da ake da ita yanzu da kuma ta nimoniya. Ka kuma sani ko a babban gwajin Pfizer na mataki na uku, nasarar da aka samu a 'yan shekara 18 zuwa 64 ce, a tsofaffi ba a samu irinta ba.

Gaskiya_Daci:
Ni dai ko tsohuwar sai na ga takardar da ke cikin kwalin na karanta.

Maijidda_Kaji:
Likitan Dabbobi, ba ka ce komai ba kan yaran gonata. Tsohuwar allurar tana kare su daga ta tsuntsaye ko kuwa?

Likitan_Dabbobi_Jos:
Ba ta karewa, Hajiya, nau'in daban ne. Ana dai son masu aikin kaji su yi ta don kada murar mutane da ta tsuntsaye su haɗu a jikin mutum ɗaya su yi musayar halitta. Ki sama musu takalmin roba da safar hannu da takunkumi, kuma kaza in ta mutu haka kawai kada kowa ya fige ta. Ki turo mini saƙo ta gefe in gaya miki maganin feshin da za ki riƙa sawa a bakin ƙofa.